Takun da Hedvika Ta Koya Daga Baranda

A garinmu Chrudim, yaro yakan san ya girma ne ranar da aka saya masa farar safar hannu. Da ya shiga aji biyu na babbar sakandare, bishiyoyin bakin kogi suka fara zubar da ganye, to an gama magana: kowace Juma'a ƙarfe biyar na yamma zai sa kwat ya nufi zauren gari koyon rawa, yana so ko ba ya so. Haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi mana. Rawar ba ta cikin jadawalin makaranta, ba a kuma ba da maki a kanta, amma ajin gaba ɗaya ne ke zuwa. Wanda ya kuskure ta a shekararsa kuwa, sai ya ƙare rayuwarsa a zaune a gidajen biki yana gadin jakunkunan mutane.

A wannan kakar Dalibor yana da shekara goma sha shida, da ƙafafu lamba arba'in da biyar waɗanda shi kansa bai gama sabawa da su ba. A makaranta ba shi da matsala. Yakan iso da safe cikin hazo, ya cire takalmi a ɗakin ajiye kaya na ƙasa ya zura silifas kamar kowa, ya zauna a layin taga kusa da bututun ɗumama aji, ya ci burodinsa da cuku a hutun ƙarfe goma. Lissafi ba ya ba shi wuya, kemistiri kuwa lallaɓawa yake yi. Juma'a ce kawai ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Mai koyar da rawar, Malam Vondra, wani siririn dattijo ne da ya shekara talatin a zauren nan bai taɓa ɗaga murya ba. Ba ya ma buƙata. Yara 'yan sha shida yake ce wa "yallaɓai" da "ranki ya daɗe", kuma wallahi gara ya fito fili ya zage ka.

"Yallaɓai Dalibor," zai ce, yana tafe a hankali hannuwa a baya, "abin nan da ke ƙarƙashin takalminka ƙafar mutum ce, gobe ma mai ita tana da amfani da ita. Sannan kafaɗar hagu, yallaɓai. Sauke ta. Ba waya kake amsawa ba."

Kafaɗar nan ita ce ciwon Dalibor. Duk sanda zai juya sai ta ɗage da kanta ta nufi kunnensa, kuma ba ya sanin ta ɗage sai an faɗa masa.

Wadda ake taka wa ƙafar ita ce Vendula, 'yar ajinsu. A ranar farko, da Malam Vondra ya ce samari su je su nemi abokan rawa, aka kwasa a guje zuwa gefen 'yan mata, Dalibor ya tsaya gyaran safar hannu. Kafin ya isa an kwashe kowa sai Vendula, wadda ta fi yawancin samarin tsawo, bakinta kuma ya fi tsawon nata ban tsoro. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ɗan daɗe a ƙasan.

"Kai ne rabona ke nan," ta ce. "To, Allah ya kai yatsuna Disamba lafiya."

Disamba ce maganar kowa. Asabar ɗin farko ta watan ake bikin rufewa, wanda muke kira věneček. A ranar dangi kan cika zauren, kuma bayan rawar buɗewa sai Malam Vondra ya ce kowace yarinya ta ɗauko mahaifinta, kowane yaro ya ɗauko mahaifiyarsa. Wanda uwarsa ba ta zo ba, ko ba ta iya tashi, mataimakiyar Malam ce ke rufa masa asiri ta yi zagaye ɗaya da shi. Dalibor yana son ya yi wannan rawar da mahaifiyarsa, so na gaske, ko da yake da za a yanka shi ba zai faɗa wa kowa ba. Su biyu ne a gida tun yana ɗan shekara huɗu, lokacin da uban ya tattara ya koma birnin Brno. Kuma bai taɓa ganin ta taka rawa ba. A kowane biki mahaifiyar tasa, Hedvika, takan dafa gwiwa ta ce, "Ku je ku, ni gwiwar nan ba ta yarda," ta zauna da jakunkuna.

Sai dai ita Hedvikar ce ta fara ba shi kunya. A saman zauren akwai baranda, inda iyaye mata ke zama da rigunan sanyin 'ya'yansu a cinya, suna shan shayi daga filas suna lissafin wa ya dace da wa. Wannan aikin uwar 'ya mace ne tun zamanin kakanninmu. Uwar namiji ba ta zuwa, to me za ta tsare? Amma Hedvika, da ta taso daga aikinta na girki a makarantar renon yara, ta canja kaya, sai ga ta kowace Juma'a a layin gaba kusa da ginshiƙi. Ba ta hira, ba ta shan shayi. Takan ɗora hannu biyu a kan ƙarfen baranda ta leƙo ƙasa har a tashi.

Radim, wanda suke zama benci ɗaya da Dalibor a aji, ba ya barin irin wannan ta wuce shi.

"Borek," yakan raɗa masa, da sunan da ya taɓa ji uwar ta kira shi, "mai gadinka ta iso. Ɗaga mata hannu mana, kada ta ɗauka an sace ka."

"Rufe mini baki."

"Ta taho da kwalbar madarar, ko sai an tashi za a ba ka?"

Aka yi sati tara ana haka. Ganye ya gama zuba, aka mai da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda ake yi in sanyi ya gabato, ƙarfe biyar ta zama duhu. Aka yi taron iyaye na tsakiyar zango, aka yi gwajin kemistiri Dalibor ya tsallake da ƙyar. Rawa ta fara shiga ƙafarsa, har Vendula ta daina cusa auduga a bakin takalminta. Amma tsiyar Radim ta yaɗu, har 'yan wani aji da bai san sunansu ba sun fara kiransa Borek a layin abinci.

Ranar Lahadin bikin Waliyyi Martin, suna zaune a kicin a kan cinyar dinya da jan kabeji, ya faɗi abin da ya kwana biyu yana taunawa.

"Mama, ba sai kin riƙa zuwa ranar Juma'a ba."

Hedvika ba ta ɗago ba. "Ina takura maka ne?"

"Ba haka ba ne. Kawai dai ba uwar namijin da ke zuwa. Ke kaɗai ce."

"Saura sati nawa?"

"Uku."

"Me za a koya a cikinsu?"

Tambayar ta ba shi mamaki, amma ya amsa. "Ba wani sabon abu. Maimaici ne kawai, da yadda za a shigo zaure."

"To," ta ce. Ta yanka nama ta tura masa babban a faranti. Can ta ƙara da cewa, "Dama ranar bikin ma ka san gwiwata. Zan zo in zauna in kalle ka. Matar nan mataimakiyar Malam ta iya rawa, ba za ta ba ka kunya ba."

Naman ya fita a ransa. Ya ɗauka ramuwa ce, kuma ya san shi ya jawo.

Juma'ar da ta biyo baya kujerar kusa da ginshiƙi ba kowa. Radim ya koma kan wani yaro da wandonsa ya yi masa gajere, aka bar Dalibor ya sha iska. Ya yi rawar da bai taɓa yin irinta ba, sau ɗaya kawai Malam Vondra ya ce "kafaɗa". Amma idonsa bai daina hawa baranda ba, har sai da Vendula ta matse masa hannu.

"Fuskata tana nan ƙasa," ta ce. "In rufin kake so, je ka nemi rawa a wurinsa."

A makon ne kuma ya haɗu da Iya Zelenkova a matakala. Ita ce tsohuwar da ke zaune a hawan da ke ƙarƙashin nasu, kuma ba ta taɓa wuce mutum ba tare da ƙorafi ba.

"Kai ne ɗan rawa ko? Tun Satumba kake taka mini kai kullum ƙarfe uku. Ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku. Har fitilar ɗakina ta iya."

"Ba ni ba ne, Iya. Ƙarfe uku ina makaranta."

"To aljanu ne, ka gaishe su."

Ya yi dariya ya wuce, don tsohuwar nan ta taɓa cewa firjinsu yana hana ta barci.

Ranar Talatar makon biki malamar kemistiri ta kwanta mura, aka sallame su bayan abincin rana. Dalibor ya iso gida uku saura kwata. Tun daga ƙofa ya ji ƙirga, a hankali, da muryar da ya sani. Ya cire takalmi ya taka zuwa kicin.

An ture tebur zuwa jikin taga, an kifa kujeru a kansa. Hedvika tana tsakiyar kicin da rigar aikinta da baƙin takalmin da take zuwa jana'iza da shi. Hannunta na hagu a miƙe, na dama a lanƙwashe a bayan wani da ba ya nan. Ta tura ƙafar dama gaba, ta buɗe, ta haɗe, ta juya. Takun a tsabtace yake, ya ma fi nasa. Da ta zo juyawa, sai kafaɗarta ta hagu ta ɗage ta nufi kunne. Gwiwa kuwa lafiyarta ƙalau.

Ta juyo ta gan shi. Hannuwanta suka sauka, fuskarta ta yi ja har wuya.

"Me ya dawo da kai yanzu?"

"Malama ba ta da lafiya. Mama, gwiwar fa?"

Ta jawo kujera ɗaya daga kan tebur ta zauna, ta daɗe tana kallon takalmin.

"Gwiwar ba abin da ya taɓa samunta," ta ce. "Ban iya ba ne, Borek. Ban taɓa zuwa koyo ba. A shekarar da ajinmu ya yi, a ƙauye muke, motar ƙarshe ƙarfe biyar take tashi daga tasha, darasi kuma ƙarfe biyar ake farawa. Kakanka ya ce ba zai kunna mota cikin duhu saboda tsalle-tsalle ba. Shi ke nan fa, ba wani dogon labari. Sai dai a garin nan wa za ka ce wa ba ka iya rawa ba? Gwiwa ta fi sauƙin faɗa."

"Shi ya sa kike zuwa."

"Na ce in kalla in zo gida in gwada, ko zan iya tashi ranar. Da ka ce in daina zuwa, sai na ga to, ƙila ba ka son a gan mu tare ne, gara in sauƙaƙa maka." Ta ɗan yi murmushi. "Amma ƙafar ta riga ta saba da ƙarfe uku."

Kunya ta rufe Dalibor, irin wadda Radim bai taɓa sa shi ji ba. Bai san yadda ake ba da haƙuri a kan abu irin wannan ba, don haka ya ajiye jaka ya miƙa mata hannu.

"Taso mu gwada."

Suka tsaya fuska da fuska. Suka yi ɗan kokawa da hannuwa, don duk inda ya kai nasa sai ya tarar da nata a can. Ya ƙirga, "Ɗaya," su biyun suka tura ƙafar dama gaba, gwiwa ta bugi gwiwa, goshinta ya bugi haɓarsa. Suka sake, aka sake karo.

"Mama," ya ce a hankali, "takun maza kike yi."

"Kamar yaya takun maza?"

"Namiji ne ke farawa da dama ya yi gaba. Mace da hagu take farawa, ta yi baya. Riƙon ma na maza kike yi. Duk sati taran nan ba ki kalli 'yan matan ba?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Kana cikin zauren, wa zan kalla?"

Ya juya ya ɗan gyara kujerar da ba ta buƙatar gyara.

Suka yi awa biyu a ranar. Ya yi mata bayani cewa takun ɗaya ne, da yin baya kawai za ta fara. A baki abin ba wuya. Amma wata biyu da rabi tana jan abokin rawar da babu shi a kicin, ba wanda ya taɓa janta, da ya ƙirga ɗaya sai ƙafar dama ta fita, hannunta ya tura shi. In ya matsa mata ta yi baya, sai ta sandare ta rasa ƙirga. Daga ƙasa Iya Zelenkova ta buga rufin ɗakinta da sandar tsintsiya. Hedvika ta cire takalmin ta riƙe a hannu.

"Bar shi, Borek. Kwana huɗu ba za su gyara ba. Ba zan je in yi karo da kai gaban duk gari ba."

Washegari a hutun ƙarfe goma Dalibor ya sami Vendula a bakin taga tana cin tuffa. Ya tsaya yana murza hannun jakarsa.

"Ina so ki koya mini takun mata."

Ta daina tauna. "Naka ɗin ka gama iyawa ke nan?"

Ya gaya mata dalili, a taƙaice, idonsa a ƙasa. Ya jira baƙar magana, amma ba ta zo ba. Vendula ta cinye tuffarta ta jefa guntun a kwando, ta goge hannu a siket.

"Zo nan. Hannunka na hagu a kafaɗata. A'a, ɗora kawai, ba buhu kake ɗauka ba. Takun ba komai ba ne, ka riga ka sani. Abin da ba ka iya ba shi ne ka bari a ja ka. Kada ka yi tunani, kada ka leƙa baya, ni ce idonka."

Nan a farfajiyar aji, cikin silifas, Vendula ta riƙa tura shi baya daga ƙofar ɗakin karatu zuwa allon sanarwa. Kafin a buga ƙararrawa rabin ɗaliban hawan sun fito kallo. Radim ya hau kan benci don ya gani da kyau.

"Ranki ya daɗe Borek," ya ce, "wace irin riga za a sa ranar Asabar, mai dogon hannu?"

Kunnuwan Dalibor suka yi zafi, amma bai tsaya ba. Vendula ce ta amsa ba tare da ta juya ba.

"Radim, kai da har yanzu kake ƙirga da baki kamar mai sayen ƙwai, sauko in koya maka naka."

Aka kwashe da dariya, Radim ya sauko. Suka maimaita Alhamis da Juma'a, hutu biyu kowace rana. Sau biyu Dalibor ya bugi kwandon shara da baya, sau ɗaya ya bugi mataimakin shugaban makaranta, wanda ya dube su ya ce a dai yi a hankali. A gida bai ce wa uwarsa komai ba, sai dai ranar Juma'a da yamma ya goge baƙin takalmin ya ajiye mata a bakin ƙofa.

Ranar Asabar ƙarfe shida zaure ya cika. Ƙamshin turare da na sabon guga ya haɗu da na rigunan sanyi masu danshi, makaɗa suna gyara kayansu, kakanni sun kame kujerun gaba. Hedvika tana tebur na ƙarshe da shuɗiyar riga, jakarta a cinya, har da ta wata mata da ta riga ta ba ta ajiya. Aka yi rawar buɗewa, Dalibor bai taka Vendula ko sau ɗaya ba, ta ce masa kada ya saba. Sannan Malam Vondra ya fito tsakiya.

"'Yan mata, iyayenku maza suna jira. Samari, ku je ku nemi alfarmar iyayenku mata."

Dalibor ya ratsa zauren har tebur na ƙarshe. Ya gyara safar hannu, ya rusuna yadda aka koya musu.

"Ranki ya daɗe, ko zan samu wannan rawar?"

"Borek, mun yi magana," ta ce ƙasa-ƙasa. "Zan ba ka kunya."

"Ajiye jakunkunan, Mama. Ke dai ki yi abin da kika iya."

A wajenmu mace ba ta ƙin wanda ya rusuna mata a gaban jama'a, ko da ɗanta ne. Ta ɗora jakunkunan a kujera ta miƙe, ta ba shi hannu. Da suka isa fili, kafin ta fara neman inda za ta sa hannu, ya ɗauki hannunsa na hagu ya ɗora a kafaɗarta, ya sa na dama a cikin tafin hagunta. Ta dubi hannun, ta dube shi. Hannunta na dama ya tafi bayansa da kansa, wurin da ya saba zuwa a kicin.

Kiɗa ya tashi. Ta tura ƙafar dama gaba, wannan karon ba ta bugi komai ba, don tasa ta hagu ta riga ta yi baya. Suka buɗe, suka haɗe, suka juya. A zagayen farko leɓenta yana ƙirga, a na biyu ya daina. Wasu sun lura, ba shakka. Radim ya wuce su da tasa uwar ya buɗe baki, uwar ta murɗe masa hannu ya rufe. Dalibor bai leƙa baya ko sau ɗaya ba, kuma Hedvika ba ta kai shi jikin kowa ba.

Malam Vondra yana zagayawa hannuwa a baya, yadda ya saba. Ya tsaya daidai inda za su wuce, ya dubi riƙon, ya dubi ƙafafun, ya bar su suka yi juyi biyu. A shekara talatin ba abin da bai gani ba a zauren nan, kuma bai ce uffan a kan wanda ke jan wani ba. Da suka zo kusa ya ɗan sunkuyo.

"Kafaɗar hagu, ranki ya daɗe. Sauke ta. Yau dai na gane inda yaron nan ya gado ta."

Hedvika ta yi dariya, idonta ya cika da ruwa, amma ba ta rasa taku ba.

"A'a, Malam," ta ce. "Ni ce na gada a wurinsa."

Ta sake tura ƙafar dama gaba, Dalibor ya yi baya, suka wuce ta ƙarƙashin baranda.